Hagu ko Dama?

Shekara talatin da ɗaya ina dako a Porto,
ni Gaspar Meireles, mai hawa da kaya bene.
Ba ƙarfi ne jarina ba, ko jaki yana da ƙarfi.
Ido ne. Ko in ce abin da ke bayan ido.

In tsaya gindin matakala a lungun Ribeira,
inda gidaje suka matsu kamar haƙoran mataji,
in dubi kabad, in dubi kwana.
Tun ba a taɓa shi ba na ɗaga shi a kaina,
na kwantar, na jirkita, na mai da ƙafafunsa sama,
na ratsa da shi ta gwiwar hawa na uku.
Sai in ce wa Tadeu: baya zai fara shiga.
Kuma bayan ne ke fara shiga.

Wata Talata cikin sanyin Fabrairu
na mirgina zan kashe agogo,
ni na tsaya, ɗaki bai tsaya ba.
Rufi ya yi hagu, taga ta bi shi,
na ƙanƙame katifa kamar ɗan kwale-kwale
a bakin Douro ranar da teku ke fushi.

Likita ta ce akwai ma'auni can ƙuryar kunne,
ɗan mitsitsi, da ruwa ciki, irin na magina.
Nawa na dama ya shiga yajin aiki.

Mako shida, hajijiya ta lafa, na koma.
Ga abin da ban gaya wa kowa ba:
gaban fiyanon wata tsohuwa
na lumshe ido in ɗaga shi kamar kullum,
ya ƙi.
Ya kafe a kaina, baƙi wuluk.
Da na matsa masa, ba shi ya juya ba,
cikina ne ya juya, gumi ya keto.
Tadeu na jira. Na ce, kawo tef mu auna.
Ya dube ni.
Bai taɓa ganin tef a hannuna ba.

A asibiti Natércia tana da katuna,
kowanne hoton hannu ne:
wani a miƙe, wani a karkace, wani a kife.
Hagu ko dama? Ta danna agogo.
Ina zaune daram, ko yatsa ban motsa ba,
amma kafin in amsa sai na aiki wani hannu nawa
da ba a gani,
ya murɗe, ya zura cikin na hoton kamar safa.
Mai ɗan karkata, nan take na faɗa.
Wanda ya kife ya juya min baya,
kan in cim masa kujera ta fara lilo.

Ta ce, rufe ido, taka daga ƙofa zuwa taga,
amma kar ka tashi.
Na taka. Daƙiƙa goma sha huɗu.
Ta ce, to yanzu da ƙafa. Tara.
Ashe wanda ke tafiya a cikin kaina
ya fi ni tsoron faɗuwa,
yana laluben bangon da babu.

Na zaci kunne na ji ne kawai,
tunani kuma yana can wani ɗaki, da makullinsa.
Ban san ni da mutumin ciki
ƙasa ɗaya muke takawa ba.
Ta zame min, ta zame masa.

Yanzu kowace safiya, kafin kofi ya huce,
ina ajiye kwalin ashana a tebur,
in rufe ido, in ba shi kwata, in huta,
in ƙara kwata.
Jiya na kifar da kujerar kicin a kaina,
ƙafa huɗu sama, cikina shiru.
Fiyano dai yana nan inda na bar shi,
tsakanin hawa na biyu da na uku.
Ban ce masa komai ba tukuna.